Yadda Ake Tattara Tarihin Rayuwar Mahaifi Bayan Rasuwarsa: Gida, Wurin Aiki da Daji

Idan babban mutum ya rasu a Maraɗi, kwanakin zaman makoki sukan cika da labarinsa. Wanda suka yi aji ɗaya ya faɗi nasa, direban da ya yi shekaru yana kai shi shantiye, wato wurin aikin gini, ya faɗi nasa, mutanen ƙauyen da ya gina wa rijiya su zo da nasu. Da zarar an naɗe tabarmi kowa ya koma da abin da ya sani, jikoki kuma su tashi ba su da komai sai hoto a bango da shaidar cewa mutumin kirki ne. Na daɗe ina taimaka wa iyalai su tattara irin wannan labari, su mayar da shi ɗan littafi tare da muryoyin da aka naɗa, kuma hanyar da nake bi ce zan bayyana a nan. Na ɗauki misalin mutumin da yake mai iyali, injiniya, kuma mai son daji, domin irinsa ne ya fi wuyar rubutawa: iyalinsa ba su san abin da yake yi a wurin aiki ba, abokan aikinsa ba su san zamansa da ƴaƴansa ba, abokan farautarsa kuma ba su taɓa shiga ofishinsa ba. Aikinka shi ne ka je wurin kowane ɓangare ka karɓo abin da ke hannunsa tun masu shi suna raye.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne waya mai naɗar murya da ɗaukar hoto, da katin memori wanda ba a ajiye komai a cikinsa ba sai wannan aiki. Ka tanadi batirin ajiya na caji, domin hirar ƙauye takan yi tsawo, kuma ba ko'ina ake samun wuta ba. Kana buƙatar manyan littattafan rubutu guda biyu masu kwali mai kauri, ɗaya na sunayen mutane da lambobinsu da ranar da aka gan su, ɗaya na abin da suka faɗa. Ka haɗa da alƙalami da fensir, da manyan ambulan guda goma ko fiye, da akwatin ƙarfe mai rufewa da kyau saboda gara da ɓera da laimar damina. Kwamfuta tana sauƙaƙa rubutu, amma rashinta ba ya hana aiki. Ana iya rubutawa da hannu a kai wa masu buga takardu a gari, ko a rubuta a waya bayan an sa mata allon rubutun Hausa mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, irin wanda Gboard ke da shi.

Akwai kuma guzurin da ba a sa shi cikin lissafi sai an tashi tafiya: kuɗin mota ko man babur, da goro, sukari, shayi ko sabulu da za ka riƙe wa tsofaffin da za ka ziyarta. Sannan ka nemi mace guda daga cikin dangi, mai haƙuri da iya sauraro, wadda za ta riƙe hirar mata. Wannan ba abin sakaci ba ne, domin rabin tarihin magidanci yana cikin gida, kuma akwai maganar da uwargida ba za ta taɓa yi a gaban namiji ba ko da ɗanta ne.

1. Neman yardar iyali da zaɓen lokaci

Kada ka fito da waya kana naɗar murya a kwanakin makoki. Abin da ya dace a lokacin shi ne ka sa wani yaro mai natsuwa ya zauna kusa da masu karɓar gaisuwa, yana rubuta sunan duk baƙon da ya zo daga nesa, da garinsa, da lambar wayarsa, da alaƙarsa da marigayi. Wannan jerin shi ne jarinka, kuma idan ka rasa shi a wannan makon da wuya ka sake haɗa shi.

Bayan hankali ya kwanta, ka tara manya ka faɗa musu abin da kake son yi da wanda zai karanta shi. Idan gidan mai mata biyu ne ko fiye, kowane ɗaki ya ba da wakili tun daga farko, domin littafin da ɗaki ɗaya ya rubuta, ko da gaskiya ce zalla a cikinsa, sauran za su ɗauke shi a matsayin na wancan ɗakin. Ka bayyana a fili cewa aikin ba shi da alaƙa da rabon gado. Matan marigayi suna cikin takaba ta wata huɗu da kwana goma, kuma ni na fi son a bar su sai sun fita, sai dai idan ɗayansu ce da kanta ta nemi ta yi magana. Wasu gidaje ba sa son hoto, wasu ba sa yin taron addu'ar arba'in. Ka tambaya, ka bi abin da gidan yake kai, domin tarihi yana rubutuwa ko babu hoto ko ɗaya.

2. Tattara takardu

Ka fara da jakar da yake ajiye takardunsa, da akwatin ɗakinsa, da aljihunan tsofaffin riguna, da cikin littattafansa. Injiniya yakan bar takardu fiye da sauran mutane: shaidar kammala karatu, takardar ɗaukar aiki, takardun canjin wurin aiki daga wannan jiha zuwa waccan, zanen gine-gine, ƙananan littattafan aljihu da yake rubuta awo da lissafi a shantiye, katin ma'aikaci, fasfo mai ɗauke da tambarin ƙasashen da ya je, da takardun ritaya. Waɗannan ƙananan littattafan aljihu su ne suka fi daraja a wurina, domin a gefen lissafin siminti da ƙarfe za ka tarar ya rubuta ranar sunan ɗansa, ko kuɗin da ya aika wa mahaifiyarsa, ko ranar da ruwan farko ya sauka a gonarsa.

Ka raba takardun cikin ambulan bisa ga iri, ka rubuta a bayan kowane ambulan abin da ke ciki da inda aka same shi. Ka ɗauki hoton kowace takarda a inuwa mai haske, da safe ko da la'asar, ka shimfiɗa ta a kan farin ƙyalle, ka riƙe wayar daidai bisa kanta, ba tare da kunna fitilar waya ba. Tsofaffin hotuna kuma ka rubuta sunayen mutanen da ke ciki a bayansu da fensir, domin tawadar alƙalami tana huda takarda ta ɓata fuska.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne kai takardun asali a manne su cikin roba da zafi, da nufin kare su. Zafin yana ɓata tawada da tambari, kuma ba a iya cire robar bayan an sa. Haka nan kada a liƙe yagaggiyar takarda da salatif, domin bayan shekaru yakan bar tabo mai launin rawaya. A yi fotokopi a manne kopin idan ana so, a bar ta asali cikin ambulan. Duk takardar fili, ko ta bashi, ko wasiyya da ka ci karo da ita, ka miƙa ta nan take ga wanda aka ɗora wa al'amarin gado a gaban shaidu, domin ana biyan bashi kafin a raba gado, kuma riƙe irin wannan takarda a hannunka zai jawo maka zargi. Idan iyali suna bin haƙƙin fansho a hukumomin fansho na Nijar, wato CNSS ko CARENI, takardun aikin suna hannun mai bin wannan. Kai kopi kawai za ka karɓa. Idan ka sami wasiƙu da ajami ko da Larabci, ka kai wa malamin da ya saba da rubutun hannu ya karanta maka kana naɗar muryarsa.

Idan gobara ko gara ta cinye takardun, ka nemi ƴan ajinsu da abokan aikinsa, domin sau da yawa hoton taro ɗaya ne kowa yake da kopinsa, kuma takardar canjin wurin aiki takan ɗauki sunayen mutane da yawa a shafi guda.

3. Shimfiɗa shekaru

Kafin ka yi hira da kowa, ka buɗe shafi biyu a littafinka, ka jera shekaru daga haihuwarsa zuwa rasuwarsa, layi ɗaya ga kowace shekara, ka cika abin da takardu suka nuna. Nan take za ka ga inda giɓi yake, kuma giɓin ne zai nuna maka tambayoyin da za ka yi.

Shekarar haihuwa ita ce matsala ta farko. Yawancin waɗanda aka haifa kafin samun ƴancin kai a 1960, musamman a karkara, ba a yi musu takardar haihuwa a lokacin ba. Daga baya ne alƙali ya yi musu takardar da ke cewa an haife su wajen shekara kaza, wani lokaci ma a rage shekarun don yaro ya samu shiga lakol, wato makarantar boko. Saboda haka kada ka ɗauki abin da ke katin ɗan ƙasa a matsayin magana ta ƙarshe. Tsofaffi ba sa lissafi da lamba, suna yi ne da abin da ya faru, kuma Maraɗi tana da irin waɗannan alamomi da yawa. Akwai ambaliyar Gulbi ta 1945 wadda ta sa aka tashi garin daga fadama aka mayar da shi bisa tudu. Akwai farin 1973 zuwa 1974, da juyin mulkin Seyni Kunce na 15 ga Afrilu 1974, da kokowar takobi ta farko a Tawa a 1975 wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, da yunwar 1984 da ake kira El-Buhari, da rasuwar Kunce a 1987, da babban taron ƙasa na 1991, da karyewar darajar sefa a Janairun 1994. Idan gwaggo ta ce an yi aurensa damina biyu bayan hawan Kunce, ka sami shekararka.

Azumi ma yana taimakawa. Watan Ramadan yana matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara, yana zagayowa cikin shekara talatin da uku. Ya faɗo a watan Agusta a 1946, da 1979, da 2011. Idan aka ce maka an haife shi da azumi ana tsakiyar damina, ka san shekarun da za ka duba ba su da yawa.

4. Jera mutanen da za a gani

Ka kasa sunayen gida uku, na iyali, na aiki, na daji, sannan a kowane kashi ka sa mafi tsufa da mafi rashin lafiya a sama. Kada ka fara da wanda ya fi kusa ko ya fi sauƙin samu. Ƙanen marigayi da ke unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo zai jira. Yayarsa mai shekara tamanin da ke wani ƙauye bayan Gidan Rumji ita ce za ka fara zuwa wurinta. Tafiyar ƙauye ta fi kyau bayan kaka, lokacin da aikin gona ya ƙare kuma hanya ta bushe. A cikin gari kuma ka guji neman ƴan kasuwa ranar Litinin da Juma'a, ranakun cin kasuwar Maraɗi.

A kashin aiki kada ka tsaya ga manyan ma'aikata. Direba, da mai gadi, da magini, da sakatariya, da mai dafa abinci a shantiye sun ga halinsa a lokutan da shugabanninsa ba su gani ba, kuma su ne suka fi riƙe labari dalla-dalla.

5. Yin hira

Ka aika a sanar da zuwanka. Idan ka isa, ka gaisa yadda ya kamata, ka yi ta'aziyya ko da an daɗe, ka yi wa marigayi addu'a, sannan ka nemi izinin naɗar murya a fili: "Baba, ina son in ɗauki maganarku a waya don jikokinsa su ji, in kun yarda." Wanda ya ƙi, ka ajiye wayar ka rubuta da hannu. Kada ka taɓa naɗa a ɓoye. Ka sa wayar a yanayin da kira ba zai shigo ba, ka ajiye ta a kan matashi kusa da mai magana, nesa da fanka da rediyo da injin niƙa. A farkon kowace naɗa ka faɗi ranar, da wurin, da sunan mai magana. Awa ɗaya ta isa ga tsoho. Gara ka dawo sau biyu da ka gajiyar da shi.

Yadda ka yi tambaya shi ne zai yanke abin da za ka samu. Idan ka ce "Wane irin mutum ne?" amsar da za ka ji ita ce mai haƙuri ne, mai zumunci ne, ba shi da abokin faɗa, kuma haka ake faɗa a kan kowane mamaci. Tambayar da ke buɗe baki ita ce mai neman rana guda ko abu guda: "Baffa, ranar da aka kai shi lakol, wa ya raka shi, kuma me mahaifinku ya ce?" Ko kuma: "Inna, da albashinsa na farko me ya saya?" Ko: "Idan ya dawo daga tafiya, wa yake fara nema a gidan?" Ka riƙe hoto ko wani kayansa, kamar tef ɗin awo ko hular shantiye ko jakar farauta, ka miƙa wa mai magana, domin abin da hannu ya taɓa yana tuno da abin da tambaya ba ta kai gare shi ba. Idan ya yi shiru, kada ka cike shirun da wata tambaya. Idan ya yi kuka, ka tsayar da naɗar, ka yi addu'a, ka jira.

Ka kula da alkunya. Matarsa ba za ta ambaci sunansa ba, za ta ce maigida ko Malam ko Alhaji, mahaifiyarsa kuma, idan tana raye kuma shi ne ɗan fari, wataƙila ba za ta so ta yi doguwar magana a kansa ba sam. Kada ka matsa. A irin wannan hali ƙanwar uwa ko matar baffa wadda ta yi renonsa ita ce za ta ba ka labarin ƙuruciyarsa. Abokan wasansa, wato taubasai da jikoki, sukan faɗi abin dariya da sauran ba za su faɗa ba, kuma littafin yana buƙatar wannan, domin mutumin da aka rubuta ba tare da dariyarsa ba ƴaƴansa ba za su gane shi ba.

A ɓangaren iyali, abin da nake nema shi ne tsarin yininsa: wanda yake tayarwa sallar asuba, yadda yake duba littattafan yara, abin da yake yi ranar sallah, ƴaƴan dangi nawa suka yi karatu a gidansa, yadda ya riƙe gida lokacin da albashi yake makara. Ka tambayi kowane ɗa shi kaɗai, domin babban ɗa ya san uba mai ƙarfi da tsanani, auta kuma ya san dattijo mai sanyi, kuma duka biyun gaskiya ne.

6. Bin sawun aikinsa

Nan ne yawancin iyalai suke gajarta labari, su rubuta cewa ya yi aiki shekara talatin ya yi ritaya. Injiniya yana barin abin da ake gani da ido, kuma gani ya kori ji. Ka fara da inda ya yi karatu, ko makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a nan Maraɗi, ko makarantar ma'adinai da masana'antu ta EMIG a Yamai, ko makarantar injiniyoyin karkara ta EIER a Wagadugu wadda yanzu ake kira 2iE, ko wata ƙasa ta waje. Sannan ka gano ma'aikatar da abin da take yi a zamaninsa. Idan a OFEDES, ma'aikatar ruwan ƙarƙashin ƙasa, ya yi aiki, rijiyoyin siminti da na burtsatse ne za ka nema. Idan a ONAHA ne, ma'aikatar filayen noman rani wadda aka kafa a 1978, sai ka je filin noman rani na Jiratawa ka ga magudanan ruwa. Idan a NIGELEC ne, ka tambayi garuruwan da aka kai wa wuta yana cikin tawagar. Idan na hanyoyi ne, ka nemi gadoji da kwalbatocin da ya tsaya a kansu. Idan kuma arewa ya yi, a kamfanonin haƙar uranium na SOMAIR ko COMINAK a Arlit, ko kamfanin kwal na SONICHAR kusa da Agadas, tafiyar ta yi nisa, amma da yawa daga tsofaffin ma'aikatan can sun dawo gida, musamman bayan rufe COMINAK a 2021, kuma ta bakin ɗaya za ka sami sauran.

Ka zaɓi aiki biyu ko uku ka je da ƙafarka, tare da wani tsohon abokin aikinsa idan zai yiwu. Ka fara gaida mai gari kafin ka ɗauki hoto. Ka tambayi mutanen wurin inda suke ɗebo ruwa kafin a yi rijiyar, da zurfinta gaba nawa ne, da watanni nawa aka yi ana aikin, da inda injiniyan yake kwana. Ka roƙi abokin aikin ya bayyana maka wahalar aikin da Hausar da jika ɗan shekara goma sha biyu zai fahimta: me ya sa aka haƙa a nan ba can ba, me ya faru da aka tarar da dutse ko yashi mai zubewa, wace shawara marigayi ya yanke.

A nan akwai gargaɗi mai muhimmanci. Kada ka rubuta cewa shi ya gina hanya kaza ko madatsa kaza idan ɗaya ne daga cikin mutane da yawa. Ka faɗi matsayinsa daidai: shi ya yi awo, ko shi ya sa ido a kan zuba kankare, ko shi ya shugabanci tawagar gyara. Abokan aikinsa za su karanta, kuma ƙari guda ɗaya zai sa su yi shakkar sauran littafin.

7. Bin sawunsa a daji

Mutanen wannan kashi ba sa zuwa da katin gayyata, kuma sau da yawa iyali ba su san sunayensu na gaskiya ba, sai laƙabi. Ka tambayi direbansa ko ɗan da yake yawan raka shi inda yake zuwa ranar hutu. Wani tabkin Madarunfa yake zuwa wurin masunta, wani dajin Baban Rafi, wani yakan yi nisa har gandun Gadabeji a yankin Dakwaro don kallon namun daji, wani kuma dajinsa bai wuce gonarsa da garkarsa a bakin Gulbi ba. Ka je ta hannun sarkin ruwa ko shugaban maharba na wurin, kuma kafin kowace tafiya ka tambayi mutanen yankin halin tsaron hanya a wannan makon, musamman wuraren da ke kusa da iyaka. Idan aka ce kada ka je, ka gayyato mutanen gari ka biya musu kuɗin mota.

Hirar daji ta fi kyau a dajin, ana tafe. Ka tambayi abin da yake farauta, zabon daji ne ko fakara ko zomo, da lokacin shekara, da abin da ba ya yarda a harba, da yadda ake raba nama idan an dawo. Ka tambayi itatuwan da ya shuka da waɗanda ya hana a sare. A jihar Maraɗi ne aka fara yaɗa dabarar barin tohon itace ya girma a gona tun shekarun 1980, kuma dattawa da yawa sun riƙe ta da gaske, don haka idan gonarsa cike take da gawo da kalgo da sabara da aduwa, ka ƙirga su, ka ɗauki hotonsu, ka tambayi wanda yake yi masa noma wanne ne ya fi so ya zauna a ƙarƙashinsa. Haka nan bedin ƙofar gida, wataƙila an dasa shi ne a wata ranar 3 ga Agusta, ranar da ake dashen itatuwa a Nijar, kuma wani a gidan zai tuna shekarar. Idan ya bar bindiga, wannan ba kayan tarihi ba ne da za a rataye a falo. A nemi takardar izininta, a tuntuɓi hukuma a kan yadda za a yi da ita.

8. Kwafe muryoyi da tantance saɓani

A daren da ka yi hira ka sa wa muryar suna da kwanan wata, ka kwafe ta wuri na biyu. Rubuta abin da aka faɗa a hirar awa ɗaya yakan ci awa huɗu zuwa biyar, saboda haka ka raba aikin ga matasan gidan, kowa ya ɗauki murya ɗaya. Ka umarce su su rubuta yadda aka faɗa, da Katsinanci ko Gobiranci ko kalmomin Faransanci da suka shigo, kada su gyara wa tsoho harshe.

Za ka tarar da saɓani. Ƙa'idar da nake bi ita ce takarda ta fi ƙarfi a kan kwanan wata, wanda ya gani da ido ya fi wanda aka ba labari, kuma abin da mutum biyu da ba su haɗu ba suka faɗa ya fi na mutum ɗaya. Idan riwaya biyu suka yi daidai da ƙarfi, ka kawo su duka, ka ce yayarsa ta ce kaza, abokinsa kuma ya ce kaza. Za ka kuma ji abin da bai kamata ya shiga littafi ba, kamar rikicin aure, ko saɓani da ɗan'uwa, ko sirrin rashin lafiya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zagin matattu, kuma rayayyun da abin ya shafa suna da haƙƙi. Ka bar shi, amma kada ka maye gurbinsa da ƙarya. Idan mutum ne mai zafin rai a wurin aiki, ana iya cewa ba ya haƙuri da aikin ha'inci, a kawo labarin ranar da ya sa aka rushe gini aka sake, ba tare da an ambaci wanda ya yi ginin ba.

9. Rubutawa

Ka bi shekaru daga haihuwa zuwa rasuwa, kana saƙa gida da aiki da daji a cikin kowane zamani, domin haka ya rayu. Misali, shekarar da aka tura shi Damagaram ita ce shekarar da aka haifi ƴarsa ta biyu, kuma ita ce ya fara kiwon tattabaru. Duk inda ka rubuta sifa, kamar karimci ko riƙon amana, ka tambayi kanka wane labari ne ya nuna ta, ka sa labarin, ka rage sifar. Ka bar mutane su yi magana da bakinsu, ka faɗi wanda ya faɗa da alaƙarsa da marigayi. Shafi talatin zuwa sittin sun isa. A ƙarshe ka sa jerin shekaru, da bishiyar zuriya daga kakanninsa zuwa jikokinsa, kana bin tsarin haihuwa ba tare da fifita wani ɗaki ba, da jerin ayyukan da ya sa hannu a cikinsu da garuruwansu. Idan akwai jikokin da suka tashi a Yamai ko waje ba su iya karanta Hausa sosai ba, a ƙara taƙaitawa ta shafi biyu da Faransanci.

10. Karanta wa iyali, bugawa da ajiya

Kafin a buga, ka tara wakilan ɗakuna da manyan dangi ka karanta musu da babbar murya, sannan wadda ta riƙe hirar mata ta karanta wa iyaye mata a cikin gida. Kunne yana kama kuskuren suna da na dangantaka fiye da ido. Duk wanda aka kawo maganarsa a ji yardarsa, kuma a cire lambobin waya da lambobin takardun shaida daga hotunan da za su shiga littafin.

Ka kai wa mai bugawa aikin a matsayin PDF, domin idan ya buɗe shi a kwamfutar da ba ta da irin haruffanka, ƙ da ɗ da ɓ za su koma akwatuna ko su ɓace. Ka nemi ya fitar da kopi ɗaya ka duba shafi-shafi kafin ya buga sauran. Girman rabin takarda, wato A5, ya fi sauƙin riƙewa, kuma idan da maƙala za a haɗa shi a tsakiya, adadin shafukan ya zama mai rabuwa da huɗu. Idan kuɗi bai kai ba, fotokopi mai kyau da bango mai kauri ya wadatar, a yi kopi ɗaya ga kowane ɗaki da kowane gidan ƴan'uwansa, sauran a tura musu ta WhatsApp. Ga tsofaffin da ba sa karatun boko, a sa wani mai murya mai kyau ya karanta littafin duka a naɗa, a zuba musu a katin memori da za su sa a rediyo. Mutanen ƙauye da na daji da suka ba ka lokacinsu a kai musu nasu kopin hannu da hannu.

Takardun asali su koma akwatin ƙarfe, a ɗora shi bisa wani abu don kada ya taɓa ƙasa, a hannun mutum ɗaya da kowa ya yarda da shi, a rubuta sunansa a shafin ƙarshe na littafin. Muryoyi da hotuna a ajiye su wuri uku: a katin memori cikin akwatin, a kwamfutar wani ɗan gidan da ke wani gari, da kuma ma'ajiyar intanet wadda aƙalla mutum biyu suka san kalmar sirrinta. Katin memori yana lalacewa ko ba a taɓa shi ba, saboda haka a sa ranar da za a riƙa buɗe akwatin sau ɗaya a shekara, bayan damina, a duba gara da laima, a kunna muryoyin a tabbatar suna nan, kuma duk bayan shekara uku ko huɗu a kwafe su zuwa sabon kati.